Shekarar da Muka Yi Binne

A bayan gidana, nan unguwar Yalwawa, akwai wani fili da mai shi bai samu sukunin ginawa ba tukuna. Makon jiya da hantsi, ina zaune a ƙarƙashin rumfa ina sauraron rediyo, sai na ji wani sauti yana tasowa daga can, sautin da na daɗe ban ji irinsa ba: sungumi yana saran busasshiyar ƙasa. Wanda bai tashi a karkara ba zai ɗauka duk sara ɗaya ce. Ba haka ba ne. Idan ƙasa ta sha ruwa, sungumi nutsewa yake yi ba hayaniya. Idan kuwa a bushe take, sai ya yi wata 'yar ƙara mai kaushi, ƙura ta biyo baya. Na kashe rediyon na kasa kunne. Ban ma tashi na leƙa ba. Na san wani bawan Allah ne yake binne, tun sama ba ta ce komai ba.

Mai karatu, idan kai ɗan birni ne, bari in fayyace maka. A wurinmu manoman jigawa, binne shi ne a shuka gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, a rufe, a koma gida a zuba wa sama ido. Idan ruwan farko ya zo da ƙarfi, mai binne ya riga kowa, geronsa zai nuna tun na maƙwabta bai fitar da kai ba. Idan kuwa yayyafi ne ya zo ya jiƙa saman ƙasa kawai, sai irin ya tsiro, rana ta ƙone shi, a wayi gari babu tsiro babu iri. Kalmar dai ita ce wadda muke faɗa idan za a kai mamaci makwancinsa. Ni ta wannan ma'anar na fara saninta, kuma daga nan labarina ya soma.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Jahun, inda idan gari ya waye sarai ana hango duwatsun nan a kudu, shuɗi-shuɗi, kamar an jera tukwane a kife. Gidanmu na gandu ne, gona ɗaya, rumbu ɗaya, kuma mai faɗa a ji shi ne kakana, wanda kowa ke kira Baba Tsoho. Dogo ne siriri, mai saurin tafiya da saurin magana. Ko alwala yake yi sai ka ce ana jiransa a wani wuri. Matarsa, kakata, ita ce Iya, gajeruwa mai nauyin jiki da nauyin baki, wadda kan tauna magana kafin ta furta. Mahaifina shi ne ɗansu na fari, saboda haka Iya ba ta taɓa ambaton sunansa ba, idan tana nufinsa sai ta ce “wancan na zaure.” Ni kuwa a ɗakinta na tashi tun da aka yaye ni. Tana kirana maigidanta, Baba Tsoho kuma yana kirana ɗan ƙwace, wai na raba shi da matarsa.

A shekarar da nake ba ka labari ban kai shiga elementare ba. Daminar da ta gabata ta ɗauke da wuri, tsuntsaye kuma suka yi wa abin da ya rage ɓarna. Kafin bazara ta yi nisa, wanda ke shiga rumbu sai ya sauka har ƙasa kafin ya taɓo dami. Tuwo ya koma na dare kaɗai, da rana sai a dama mana garin ɗorawa mu sha. Abin da ba a taɓawa ko da yunwa ta kai ina, shi ne irin shuka: zaɓaɓɓun zangarniyoyi masu tsawo da cikar ƙwaya, waɗanda Iya ta rataye a saman murhun ɗakinta domin hayaƙi ya kore musu ƙwari. Ba su da yawa. Idan suka salwanta babu inda za a samo wasu, domin maƙwabta ma halin da muke ciki suke ciki.

A cikin wannan bazarar wani dattijo maƙwabcinmu ya rasu, na ga an fito da shi a makara, na ji manya suna cewa an tafi binne shi. Ba a daɗe ba Iya ta kwanta da zazzaɓi da tari. Wata rana bayan la'asar, na kai wa Baba Tsoho buta a zaure, sai na ji yana ce wa mahaifina, “Ka shirya, jibi da sassafe za mu yi binne.” Na saki butar na ruga cikin gida, na faɗa kan ƙafafun Iya ina kuka kamar raina zai fita.

“Kai maigida, wa ya taɓa mini kai?”

“Baba Tsoho ya ce jibi za a binne ki.”

Dariya ta ƙwace mata, tari ya biyo baya, har sai da ta dafa bango. Da ta samu numfashi ta ce, “Ashe tsohon nan ya gaji da ni har ya sa rana? Share hawayenka. Gero za a binne, ba ni ba. Ni ba inda za ni sai ka girma ka ɗinka mini zane, miji ba ko ɗankwali.”

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, maganar da na tsinta a zaure ƙarshen wata doguwar muhawara ce. Mahaifina mutum ne mai taka-tsantsan, bai so a yi binne ba. A ganinsa iri kaɗan ne, bai kamata a miƙa shi ga abin da ba a gani ba. A jira ruwan shuka na sosai, ko da za a makara. Baba Tsoho kuwa rumbu yake dubawa. Ya san abin da ke ciki ba zai kai mu kaka ba, kuma duk makon da gero ya riga nuna, mako ne da aka rage wa yara na yunwa. Kowannensu yana da gaskiya. Mahaifina dai bai wuce cewa, “Baba, da an ɗan ƙara haƙuri,” ba, domin a zamaninmu iyakar musun ɗa da uba ke nan.

Washegari aka sauke zangarniyoyin aka sussuke, ƙwayar ta taru a babbar ƙwarya. Ina kwance a tabarmar Iya Baba Tsoho ya yi sallama ya shigo, ya tsuguna a gaban ƙwaryar, ya daɗe yana zuba hannu a ciki yana barin ƙwayar na zubowa ta tsakanin yatsunsa. Sannan ya yi wata magana da ban taɓa jin wani magidanci ya yi irinta ba, kafin ranar ko bayanta.

“Ki ɗebi wani kaso ki ɓoye mini. Kada ki gaya mini inda kika sa.”

Iya ta ɗago kai ta dube shi.

“Kin san ni,” ya ce. “Idan na ga hadari, hankalina ba ya zama a jikina. In wannan ya lalace zan dawo in ce ki ba ni sauran. Ko na roƙe ki, ko na yi faɗa, kada ki bayar, sai ranar da kika tona ƙasa da kanki kika ga danshi ya wuce wuyan hannunki.”

“To, Malam. Ka dai tuna da bakinka ka faɗa.”

“Ga shaida nan,” ya nuna ni da haɓa.

“Wannan? Shaidar da jiya ta gama yi mini zaman makoki?”

Da gari ya waye muka fita gona. Baba Tsoho ne a gaba da sungumi, yana tafe yana sara dama da hagu ba ya ko duban ƙasa, ramukan kuma suna fitowa a jere kamar an ja igiya. Mahaifina da ƙannensa suna biye da ƙoƙuna, a jefa 'yan ƙwayoyi a rami, a ja ƙasa da diddige a rufe. Ni ma an ba ni ƙaramin ƙoƙo. Har yau ina jin zafin yashin nan a tafin ƙafata, da kukan kurciya daga kan gawo, da yadda sama take fari fat babu ko ɗigon gajimare. Na tuna na tsaya na waiwaya bayan mun gama: gonar tana nan yadda muka same ta, ba abin da ya nuna an yi aiki sai sawun ƙafafu. Abincinmu na shekara yana ƙarƙashin wannan yashin, kuma babu ɗayanmu da yake da iko da abin da zai same shi.

Aka shiga jira. Shamuwa ta iso ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida, tsamiyar ta yi sabon toho, iska ta juyo tana kawo wani ɗan sanyi da yamma. Kullum bayan sallar asuba Baba Tsoho kan zaga gona ya kori zabi da fakara masu tonon ramuka, ya dawo yana duban gabas.

Ruwan ya zo wata rana da azahar. Mu yara muka tuɓe riguna muka fita muna tsalle, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari. Amma kafin mu jiƙe sosai ya ɗauke, rana ta fito. Na shigo zaure ina murna, na tarar da Baba Tsoho da mahaifina zaune, ba mai duban wani. Bayan 'yan kwanaki gona ta yi kore, tsiro siri-siri a kowane rami, abin sha'awa. Daga nan sama ta rufe bakinta. Na ga tsiron nan yana lanƙwashewa da rana ya miƙe da safe, sannan ya daina miƙewa, ya koma rawaya, ya koma kamar zaren da aka ƙona. Mahaifina bai ce ai na faɗa ba. Da ya faɗa ma da ya fi sauƙi.

Sai ga wata yamma gabas ta yi baƙi ƙirin. Hadari ne na gaske, mai walƙiya da rugugi, irin wanda ke sa awaki su rugo gida da kansu. Baba Tsoho ya shigo tsakar gida da sungumi a kafaɗa, rigarsa na kaɗawa a iska.

“Kawo irin nan. Kafin magariba mun rufe gefen yamma.”

Iya tana zaune tana kaɗi. Ba ta ɗaga kai daga mazarinta ba. “Ruwa ya sauka ne, Malam?”

“Ba ki da ido ne? Dubi gabas!”

“Na ga gabas. Ƙasa nake tambaya.”

Ya roƙe ta, ta ƙi. Ya ɗaga murya, abin da ba ya yi a gaban surukai, har mahaifiyata ta ja yara ta shige ɗaki. Ya shiga ɗakin Iya da kansa, muna jin yana buɗe tukwane yana ɗaga tabarmi, ya fito hannu wofi, gumi na zuba. Ya ce shi ne mai gidan nan, shi ya noma geron, shi zai ce a fito da shi. Ya ce waccan maganar ta waccan ranar ce, yau kuwa ga ruwa a kan mutane. Ban taɓa ganinsa haka ba.

“Maigida,” ta kira ni, “zo nan. Kai aka sa shaida. Me ya ce?”

Na fito daga bayan turmi. Ina tsoron Baba Tsoho, ina kuma ƙaunarsa, ga shi yana kallona da jajayen idanu. Na sunkuyar da kai na ce, “Ka ce ko ka roƙe ta, ko ka yi faɗa, kada ta ba ka.”

Iska na ta kuka a cikin danga. Baba Tsoho ya ɗauki sungumin a hankali ya jingina shi da rumbu, ya zauna a kan turmin da ke kife, ya share fuskarsa da hannun riga.

“Na faɗa,” ya ce. “Ɗan ƙwace, ka ƙwace mini mata, yau kuma ka haɗa baki da ita.”

Hadarin nan iska ce ta cinye shi. Ya watse ya bar mu da ƙura da karyayyun rassa, ko ɗigo bai sauka ba. Ba wanda ya yi magana a kai, ko a ranar ko bayanta.

Ruwan shuka na sosai bai zo ba sai da aka ƙara jira, har mutane suka fita roƙon ruwa a bayan gari. Da ya tashi zuwa, tun hantsi ya soma, bai tsaya ba sai bayan azahar. Yana ɗaukewa Iya ta yafa mayafi ta fita bayan gida, ni ina biye. Ta durƙusa ta tona ƙasa da hannunta, ta ci gaba da tonawa har hannun ya nutse ya wuce wuyansa, ta damƙo ƙasar can ciki ta matse, ta ga ta dunƙule. Ta miƙe ta wuce ɗaki.

A ƙuryar ɗakinta akwai wata tsohuwar adaka da kowa ya san abin da ke ciki: farin ƙyallen da ta tanada domin likkafaninta, kamar yadda tsofaffin wancan zamani suke yi. Babu mai taɓa ta. Baba Tsoho da ya birkice ɗakin nan kaf, ya kewaye ta bai ko dube ta ba. Iya ta buɗe, ta ɗaga ƙyallen, ta fito da wata 'yar tukunya da aka liƙe bakinta da laka. Ta fasa liƙin, ga gero nan gauraye da toka, lafiya lau.

Baba Tsoho yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, “Subhanallahi. A nan kika sa?”

“To ina ya fi? Duka biyun na binne ne. Na dai ga wannan zai riga wancan.”

Irin bai isa gonar duka ba. Gefen arewa haka ya kwana a shekarar, sai wake da aka samu aka jefa daga baya. Amma ga wani abu da ba wanda ya zata. A can ƙasan gona, wani ɗan kwari da ke ƙarƙashin gawo inda ƙasa ke riƙe sanyi, binnen farko bai mutu duka ba. Ya daure, ruwa ya riske shi da sauran rai, ya tashi ya riga kowane gero a ƙauyen. A daidai lokacin da rumbu ya ƙare ƙaf, shi ya ba mu tumu, muna gasawa muna murzawa a tafin hannu muna ci, har geron Iya ya nuna. Ba mu yi yalwa ba a shekarar, amma ba wanda yunwa ta kwantar, kuma an rataye sababbin zangarniyoyi a saman murhu.

Har ƙarshen rayuwarsu ba su daina gardama a kan wannan ba. Shi ya ce binnensa ne ya tsallakar da gida, ita ta ce tukunyarta ce. Bayan na shiga makarantar midil, na fara jin kaina mai ilimi, na taɓa tambayarsa ko da za a maimaita shekarar zai sake yin binne. Ya ce zai sake. Na ce to me ya sa ya ba da ajiya, in ya yarda da shawararsa? Ya ce, “Sama ba a ba ni saninta ba, kuma ba za a ba ni ba. Ni ɗin nan ne aka ba ni in sani. Shi ma ban gama ba.”

Na yi karatu gwargwadon abin da zamaninmu ya bayar, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Na koyar, na shugabanci makarantu, na duba aikin malamai a garuruwa da dama, na ajiye aiki da mutuncina ba tare da an taɓa kirana an tuhume ni ba. Na zauna da masu digiri da masu rawani. A cikinsu na ga masu basira da yawa, na ga masu ƙarfin hali. Amma mutumin da zai dubi kansa yana cikin hayyacinsa, ya hango ranar da hayyacin zai guje masa, har ya yi wa ranar tanadi, irinsa ban cika yatsun hannu ɗaya da su ba.

Yanzu gonar nan hanya ta ratsa ta, sauran kuma an yanka filaye. Irin geron namu mai doguwar zangarniya ya ɓace, sai wanda ake sayowa a leda. Jikokina kan duba waya su gaya mini ranar da ruwa zai sauka, wani lokaci ya sauka, wani lokaci ya saɓa, sama dai tana nan da halinta. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da aka gina zai rushe, wani ya gina nasa a kai. Abin da na fi jin rashinsa daban ne. Tun da mai ɗakina ta rasu, babu sauran wanda ke iya ce mini a'a. Girma ya kai ni inda duk abin da na faɗa sai a ce, “Haka ne, Baba.” Mutum kuwa idan ya kai nan, yana cikin haɗarin da bai sani ba.

Kwanan baya na tashi da niyyar in tuƙa kaina zuwa ƙauye ta hanyar Jahun, ko da yake likita ya yi mini magana a kan idona. 'Ya'yana suka tsaya cirko-cirko a bakin mota, kowa na duban ɗan'uwansa, ba mai iya furtawa. Sai wata jikata, 'yar ƙaramar da nake kira amarya, ta riƙe mini gefen babbar riga.

“Angona, ina za ka? Kai da jiya ka yi wa buhun gawayi sallama, ka ce wai baƙo ne a zaure?”

Uwarta ta zaro ido za ta kwaɗe ta, na ɗaga hannu na hana. Na dubi makullin motar a tafina. Sannan na miƙa wa yarinyar, na ce ta kai wa uwarta ta adana, kada a gaya mini inda aka sa.